Kunun Magani a Likitancin Gargajiyar Sin: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya taɓa jinyar wani ya san wahalar ba ta ƙarewa ranar da zazzaɓi ya sauka. A lokacin ne baki ke rasa ɗanɗano, ciki ya ƙi karɓar komai, jiki kuma ya zube. Sinawa sun daɗe da zuba ido a kan wannan gaɓa ta jinya, har suka gina reshe guda na likitancinsu a kan kwanon kunu. Ga amsoshin tambayoyin da aka fi yi a kansa.

Mene ne shi kansa kunun maganin?

Hatsi ne ake dafawa da ruwa mai yawa a kan wuta kaɗan-kaɗan, har ƙwayar ta fashe ta narke. A kudancin ƙasar Sin shinkafa ce, a arewa kuma galibi wani gero ne mai ƙananan ƙwayoyi rawaya da suke kira xiaomi, wanda ya bambanta da geron da muke nomawa. Ba a niƙa hatsin, ba a kuma tsimawa ya yi tsami. Da ƙwayarsa ake zuba shi a tukunya. Sunan kunun zhou, mutanen Guangzhou da Hong Kong kuma suna cewa jook. Idan aka ƙara masa wani abu da nufin gyara jiki, kamar citta, magaryar Sin, doyar dutse ko wani irin wake, shi ne ya zama kunun magani.

Me ya sa suka ba kunu wannan matsayi haka?

Saboda yadda suke kallon ciki. A wurin likitan gargajiyar Sin, tumbi tukunya ce a kan murhu, saifa kuma ita ce ke sarrafa abin da ya dahu ta raba wa jiki. Saifar da suke nufi ba wannan 'yar tsokar da mahauci ke cirowa ba ce kawai, suna nufin dukkan aikin narkar da abinci. Abinci ɗanye, mai sanyi ko mai maiƙo yana bukatar wuta mai ƙarfi. Majinyaci da tsoho da mai jego kuwa wutarsu ta yi ƙasa. Kunu ya riga ya sha dahuwa a waje, ga shi da ɗumi, don haka aikin da ya rage wa ciki kaɗan ne. Suna da wata ƙa'ida da ɗalibansu ke haddacewa: muddin ƙarfin ciki yana nan, akwai rai, in ya tafi, sai shirin rabuwa.

Wannan ra'ayi bai fito daga zaman tunani kawai ba. A 1232 sojojin Mongol suka yi wa birnin Kaifeng ƙawanya. Bayan an janye ƙawanyar, mutane suka riƙa mutuwa birjik. Wani likita mai suna Li Dongyuan, wanda ya ga abin da idonsa, ya ce ba annoba ce daga waje ta kashe da yawansu ba. Yunwa da wahala ne suka lalata cikinsu, sannan abinci ya zo musu farat ɗaya, masu magani kuma suka ƙara musu da magungunan da ba su dace ba. Daga baya ya rubuta littafi sukutum a kan saifa da tumbi. Likitocin asibiti na yau sun san wannan haɗari sarai: wanda ya daɗe cikin yunwa, in aka cika masa ciki lokaci guda, gishirin jininsa na iya rikicewa har zuciya ta tsaya. Shi ya sa gidajen rabon kunu da hukumomin Sin ke buɗewa a shekarun fari suka kasance hanya mai ma'ana ta farfaɗo da mayunwata.

Tun yaushe ake yin sa?

Tun da nisa. A wani kabari da aka rufe a shekara ta 168 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), a Mawangdui da ke lardin Hunan, an tono rubuce-rubucen magani da suka ambaci kunun hatsi cikin hanyoyin jinya. Masanin tarihi Sima Qian ya kawo labarin likita Chunyu Yi da ya yi wa wani sarkin Qi magani da kunu. Tsohon littafin da likitancinsu ya ginu a kansa, Huangdi Neijing, ya sa hatsi a matsayin tushen ciyar da jiki, 'ya'yan itace da nama da ganye kuma masu tallafawa.

Daga nan abin ya yi ta faɗaɗa. Babban kundin magunguna na fadar daular Song, wanda aka kammala a 992, ya ƙunshi kunu fiye da iri 100. Hu Sihui, mai kula da abincin fadar sarakunan Mongol, ya miƙa nasa littafin abinci a 1330. Li Shizhen, a kundinsa na Bencao Gangmu da aka buga a 1596, ya jera iri 62.

Wanda ya fi burge ni a cikinsu shi ne Cao Tingdong. Dattijo ne da ya haura saba'in lokacin da ya rubuta littafin kula da tsofaffi a 1773, don haka daga jikinsa yake magana. Ya tara kunu iri 100, ya kasa su uku: 36 a sama, 27 a tsakiya, 37 a ƙasa. Abin lura, bai yi rabon bisa tsadar kayan haɗi ba. Masu sauƙi da ƙamshi da daɗin sha su ya ɗora a sama, masu nauyi da kauri ya mai da su ƙasa. Ya fahimci abin da duk mai jinyar tsoho ya sani: kunun da ya fi kowane amfani, in tsohon ya kau da kai, ya tashi a banza. Kafin ya kawo ko haɗi ɗaya sai da ya yi bayanin abu huɗu: zaɓen shinkafa, zaɓen ruwa, yanayin wuta, da lokacin sha.

Su likitocin na dā, abinci suka ɗauke shi ko magani?

Nan ne gizo ke saƙar, domin masu tallata shi a yau sukan ba shi matsayin da masu shi ba su ba shi ba.

Dubi Zhang Zhongjing, wanda ya rayu wajen ƙarshen ƙarni na 2 zuwa farkon na 3, kuma har yau ana koyar da littafinsa kan cututtukan zazzaɓi. Haɗinsa mafi shahara na mai murar da ke zuwa da jin sanyi da ɗan gumi ya ƙunshi abu biyar: reshen kirfa, saiwar wata fure, citta, magarya da wata saiwa mai zaƙi. Bayan ya faɗi yadda za a dafa, sai ya ƙara umarni: in an sha maganin, a ɗan jira kaɗan, a bi shi da kunu mai ruwa-ruwa da zafinsa don ya ƙara wa maganin ƙarfi, a lulluɓa, a bari gumi ya ɗan tsattsafo, kada ya kwarara. Da zarar an samu sauƙi a daina shan maganin, ba sai an shanye ba. Ka ga a nan kunun mataimaki ne. Maganin na tura gumi waje, kunun na mayar wa jiki ruwa da ƙarfin da zai yi asara.

Sun Simiao, babban likitan daular Tang da ya rasu a 682, ya ware babi guda kan jinya da abinci. Matsayinsa shi ne likita ya fara gano tushen cutar, ya gwada gyara ta da abinci, in abinci ya kasa sai ya koma ga magani. Mutane kan ɗauki rabin farko su bar na biyu. Bai ce abinci ya wadatar ba. Ya ce shi ne matakin farko, kuma ya yarda yana iya kasawa. A ganina duk wanda zai sha wannan kunu ya riƙe maganar nan gaba ɗayanta.

Yaya ake dafa shi?

Kofi ɗaya na shinkafa, kofi 8 zuwa 12 na ruwa, gwargwadon kaurin da ake so. Na majinyaci ya fi ruwa. A wanke shinkafar sama-sama, a jiƙa ta kamar rabin awa. A zuba ruwan duka tun farko, domin ƙarin ruwan sanyi a tsakiyar dahuwa yana raba ruwa da ƙwaya. In ya tafasa a rage wuta sosai, a ɗan zame murfin, a bar shi yana ɓararraka a hankali awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi, ana juyawa lokaci-lokaci kada ya kama. Tukunyar ƙasa suka fi so, don tana riƙe zafi daidai.

Za ka ga ƙwayar ta fara kumbura, sannan ta tsage gefe-gefe, abin da masu dafawa ke cewa shinkafa ta yi fure. Ruwan da ke garau sai ya koma fari, ya yi yauƙi, ya riƙa bin bayan ludayi. Yuan Mei, wani masanin girki na ƙarni na 18, ya ce in ana ganin ruwa ba a ganin shinkafa, ba kunu ba ne. In ana ganin shinkafa ba a ganin ruwa, shi ma ba kunu ba ne. Sai sun haɗe sun zama abu ɗaya.

In aka sauke aka bar shi ya ɗan huce, wani fata-fata mai sheƙi na taruwa a sama. Suna kiransa man shinkafa, kuma shi ake fara kwasa wa wanda ya fi kowa rauni a gida. Likita Wang Shixiong ya rubuta a 1861 cewa talakan da jikinsa ya raunana zai iya shan ruwan shinkafa mai kauri a madadin romon ginseng, saiwar nan mai tsadar gaske. Magana ce ta mutumin da ya san aljihun majinyatansa.

Kayan haɗi kuma hanya uku ake sa su. Abin da ake ci, kamar wake, kabewa ko doya, tare ake dafa shi da shinkafar. Saiwa mai tauri da ba ta taunuwa, sai a dafa ta daban, a tace, a dafa kunun da ruwanta. Gari, ruwan citta da ganye mai ƙamshi kuwa sai dab da saukewa. Wasu gidaje a arewacin Sin kan jefa ɗan soda don kunun ya yi saurin yauƙi. Masana abinci sun hana, domin yana lalata bitamin B1.

Me da me ake sakawa, kuma don wace damuwa?

Suna kasa abinci zuwa mai zafi, mai ɗumi, matsakaici, mai sanyi-sanyi da mai sanyi. Ba zafin harshe ake nufi ba, yadda abin ke aiki a jiki ne bisa fahimtarsu. Shinkafa matsakaiciya ce, shi ya sa take karɓar kowane haɗi.

Ga farkon mura mai zuwa da jin sanyi, akwai wani sanannen haɗi: shinkafa mai danƙo, yankakkiyar citta, farin gindin albasa mai lawashi, da ɗan ruwan khal a ƙarshe, a sha da ɗumi a lulluɓa. Ga mai yawan sakin ciki da kasala, doyar dutse da suke kira shanyao da 'ya'yan furen ruwa na lotus. Ga zafin bazara da ƙishi, koren wake ɗan ƙarami. Ga nauyin jiki da kumburi, jan wake ƙarami da wata ƙwaya mai suna yiyiren. Ga busasshen tari na lokacin kaka, gindin furen baihe mai kama da albasa. Ga tsohon da bayan gida ke yi wa wuya, baƙin riɗi. Ga rashin barci, ƙwallon magarya mai tsami. Jar magaryar Sin kuwa kusan ko'ina tana shiga. 'Yar'uwar magaryarmu ce ta jini, sai dai ta fi girma da zaƙi, busasshiyarta har ta so ta yi kama da dabino.

Wannan duk abin da al'adar ke faɗa ne. Ko an tabbatar da shi a gwaji, tambaya ce daban.

Kenan kowa zai iya shan kowane iri?

A'a, kuma su kansu sun fi kowa nanata haka. Likitansu sai ya duba harshe, ya taɓa jijiyar hannu, ya tambayi barci da fitsari da bayan gida kafin ya ce ga wanda ya dace. Mutum biyu na iya zuwa da tari, a ba ɗaya citta a hana ɗayan. Kunun cittar nan, in murar ta zo da ciwon maƙogwaro da zazzaɓi mai zafi da ƙishi, a tsarinsu ƙara wa wuta fetur ne. Koren wake kuma ba a ba mai sanyin ciki da gudawa. Don haka wanda ya ce maka ga kunu ɗaya da ke yi wa kowa maganin komai, ko a ma'aunin Sinawan ya kauce.

Likitancin zamani ya yarda da shi?

Ya yarda da wani ɓangare, kuma ɓangaren ba ƙarami ba ne. Abinci mai laushi, mai ruwa, mai ɗumi, marar maiƙo, shi ne abin da asibiti ke fara ba wanda ya fito daga tiyata ko ya tashi daga ciwon ciki. Yana sauƙaƙa wa marar haƙori, yana shigar da ruwa da kuzari tare.

Akwai wurare biyu da gwaji ya gaskata tsohuwar dabara. Na farko gudawa. A shekarun 1980 masu bincike a Dhaka ta Bangaladash suka gwada haɗa ruwan gishiri da suga da garin shinkafa dafaffe a madadin sugan, aka ga yana rage yawan zawo ga masu kwalara. Sai dai a kula: wancan haɗi yana da gishirin da aka auna daidai. Kunun shinkafa zalla ba shi da shi, don haka ba ya maye gurbin fakitin ORS. Na biyu cutar beriberi, mai kashe ƙafafu da kumbura jiki. Ana danganta wa Sun Simiao shawarar kunun da aka dafa da dusar hatsi don kare ta. Sai a shekarun 1890 wani likita ɗan Holan, Christiaan Eijkman, ya lura a tsibirin Java cewa kajin da ake ba gogaggiyar farar shinkafa suna kamuwa, masu cin mai dusa kuma suna warkewa. Abin da ke cikin dusar shi ne bitamin B1.

Amma yawancin haɗe-haɗen ba a yi musu gwaji mai ƙarfi ba. Babu kunun da aka tabbatar yana warkar da ciwon daji (kansa), ciwon suga, ciwon hanta ko ciwon ƙoda. Mai shan maganin ciwon daji da abinci ya gagare shi zai amfana da kunu ƙwarai, amma a matsayin abinci.

Ba raina tsofaffin littattafan nake yi ba. Maganin zazzaɓin cizon sauro na ACT da muke sha a yau ya samo asali ne daga wani nau'in tazargade da wani masanin magani na Sin, Ge Hong, ya ambata a ƙarni na 4. Wata masaniya 'yar ƙasar Sin, Tu Youyou, da abokan aikinta ne suka ciro sinadarin a farkon shekarun 1970, ta samu kyautar Nobel a 2015. Amma sai da suka tantance haɗe-haɗe masu ɗimbin yawa, akasarinsu suka faɗi, kafin wannan ɗaya ya tsaya.

Mai ciwon suga fa?

Ya yi hattara. Doguwar dahuwar da ta sa kunun ya yi sauƙin narkewa ita ce kuma ke sa sugansa ya shiga jini da sauri. A ma'aunin saurin ɗaga suga, inda gulukos ke da 100, kunun shinkafa na wajen 78, dafaffiyar farar shinkafa 73, kunun gero 67. Ƙari a kan haka, ana kurɓarsa ne ba a taunawa, sai ya wuce da wuri, yunwa ta dawo. Likitoci a Sin kan gargaɗi masu suga a kan farin kunu. In dole ne, a rage yawa, a haɗa da wake da hatsi mai dusa, kada a dafa ya narke tiɓis, a fara cin ganye da ƙwai ko kifi, a bar magarya da suga, sannan a gwada jini bayan awa biyu a ga yadda jiki ya karɓa.

Mai ƙwannafi ma wani lokaci kunu mai ruwa yana ƙara masa tasowar abinci, musamman da dare.

Za a iya ba yara da jarirai?

Kafin wata 6, nono zalla, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce. Bayan nan matsalar tsararon kunu ita ce ruwa ya fi abinci yawa: cikin jariri ƙarami ne, zai cika, amma bai samu abin gina jiki ba. Kunun yaye ya kamata ya yi kaurin da zai zauna a cokali, a kuma haɗa shi da ƙwai, kifi, wake ko gyaɗa. Saiwoyin magani kuwa a nisanta su da jariri, zuma ma sai ya cika shekara.

Wannan batu ya taɓa tayar da ƙura a Sin kanta. A watan Afrilun 2020 Zhang Wenhong, shugaban sashen cututtuka masu yaɗuwa a asibitin Huashan na Shanghai, ya ce iyaye su ba yara ƙwai da madara da safe, su bar kunu. Wasu suka zarge shi da raina abincin gida da fifita na Turawa. Maganarsa dai a kan furotin take, kuma ta wannan fuska yana da gaskiya: farin kunu da ɗan tsamin ganye ba karin kumallon yaro mai girma ba ne.

Ana ba mai jego?

Sosai. Sinawa na da wata guda na zaman jego, inda mace ke kauce wa sanyi da iska. A arewacin ƙasar, kunun gero da jan suga irin mazarƙwaila da dafaffen ƙwai shi ne abincin kwanakin farko. Ba laifi a matsayin mafari, amma wadda ta zubar da jini kuma take shayarwa na bukatar nama, kifi, wake da ganye ba da jimawa ba.

Mu ma muna da darasi a nan. Binciken da likitoci suka yi a Zariya a shekarun 1970 ya danganta yawan ciwon zuciya bayan haihuwa da kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a kan gado mai zafi. Hatsin ba shi da laifi. Kanwar da aka loda masa ce ke tara gishiri da ruwa a jiki. Haka abin yake a kunun Sinawa: haɗarin ba ya cikin shinkafa, yana cikin abin da aka ƙara.

Mai ciki kuma, al'adar da kanta ta hana ta yiyiren da saiwoyin da suke cewa suna motsa jini.

Wane haɗari ne takamaimai?

Na farko saiwoyi masu guba. Akwai wata mai nau'o'i irin su fuzi da caowu, wadda mutanen lardin Yunnan kan dafa da nama lokacin sanyi. Tana rikita bugun zuciya, tana kisa, kuma hukumomin lardin kan fitar da gargaɗi a kanta. Ba abin da za a taɓa a gida ba ne ko kaɗan.

Na biyu musanya. Busassun saiwoyi suna kama da juna. A farkon shekarun 1990 a Beljiyam, mata fiye da 100 suka samu lalacewar ƙoda bayan shan maganin rage ƙiba da aka sa wa wata saiwar Sin a madadin wata mai kusan suna ɗaya. Ba kunu suka sha ba, amma darasin ɗaya ne ga mai sayen garin da bai san asalinsa ba.

Na uku karo da maganin asibiti. Saiwar nan mai zaƙi, gancao, in aka daɗe ana sha tana ɗaga hawan jini ta rage sinadarin fotashiyam. Saiwoyin danggui da danshen da jajayen 'ya'yan goji na iya ƙara ƙarfin maganin tsinka jini na warfarin har jini ya ɓalle. 'Ya'yan itacen ginkgo da ake jefawa a kunun Guangzhou na sa yara jijjiga in suka ci da yawa.

Na huɗu zafi. A 2016 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa abin sha da ya haura digiri 65 cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo kansar bututun abinci, cutar da ta yi katutu a wasu yankunan Sin. Kunu mai kauri na riƙe zafi a ciki ko da samansa ya huce. A juya, a jira.

Na ƙarshe kwantai. Dafaffiyar shinkafa da ta wuni a waje na haifar da ƙwayar cuta mai sa amai, kuma ɗumame ba ya kashe gubarta.

Don rage irin wannan ruɗani, ma'aikatar lafiyar Sin ta fitar da jerin abubuwa 87 a 2002 waɗanda ta amince abinci ne kuma magani, daga baya aka ƙara wasu. Citta, magarya, doyar dutse, baƙin riɗi da jan wake duk suna ciki.

Musulmi zai iya sha? 'Yan kasuwarmu da ke zuwa Guangzhou fa?

Farin kunu da na hatsi da wake ba su da matsala. Amma kunun da ya fi shahara a shagunan Guangzhou na naman alade ne da wani baƙin ƙwai da aka adana, wasu kuma da hanta ko jini, kuma ko na kifi ne ana iya dafa gindinsa da romon ƙashin alade ko a ɗiga giyar shinkafa. A nemi shagon da ke da alamar qingzhen, wato halal, galibi da koren allo. Unguwar Xiaobei, inda baƙi daga Afirka suka fi sauka, tana da su da yawa.

Akwai kuma ejiao, wani danƙo da ake narkarwa a kunu don "ƙarin jini". Da fatar jaki ake yin sa. Mafi yawan malamai sun haramta naman jakin gida, sai mutum ya tambayi malaminsa. Ko ba don haka ba, wannan kasuwa ta taɓa mu kai tsaye: neman fatar ya sa jakuna sun yi tsada sun yi ƙaranci a karkararmu, har Nijar ta hana fitar da su a 2016, Tarayyar Afirka kuma ta amince da hana yanka su don fata a watan Fabrairun 2024. Mai ƙarancin jini ya je a auna shi a ba shi maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe (ayon). Ya fi araha, an kuma tabbatar da aikinsa.

Mene ne kunun Laba?

Na biki ne, ranar 8 ga watan 12 na kalandar gargajiyarsu, a tsakiyar hunturu. Ana haɗa hatsi da wake da busassun 'ya'yan itace iri-iri, a raba wa maƙwabta. Yana da alaƙa da addinin Buddha, kuma wurin ibadar Yonghe a Beijing na raba shi ga jama'a. Ta fuskar gina jiki ya fi farin kunu nesa ba kusa ba, saboda waken da ke ciki.

Daidai yake da talbina?

Ba ɗaya ba ne, kuma babu wanda ya aro daga wani. Talbina da sha'ir ake yin ta, ta zo a hadisin Nana A'isha (RA) ga majinyaci da wanda aka yi wa rasuwa. Inda suka haɗu shi ne wanda ake dafa wa.

Zan iya gwadawa da kayan kasuwarmu?

Ƙwarai, in dai ka tsaya a kan abin da abinci ne. Shinkafar gida da ba a goge ta ƙal ba ta fi. Ga mai tashi daga ciwo, fara da mai ruwa da ɗan gishiri, kaɗan-kaɗan sau da yawa a wuni. Kwana ɗaya ko biyu, in ciki ya zauna, a ƙara kauri, a fasa ƙwai a ciki ko a sa tsokar kaza ko kifi da aka zare wa ƙaya. Kabewa tana narkewa ta ba shi zaƙi ba tare da suga ba. Citta yanka biyu ko uku ta isa. Kada a bar majinyaci a kan farin kunu zalla mako guda, zai ƙara ramewa.

Kada kuma ka ɗauko saiwar gida ka ce ita ce madadin ta Sin don sun yi kama. Doyar dutsen Sinawa ba rogo ba ce, ba kuma kowace doyar daji ba, wasunsu ma guba ne. Mai shan maganin hawan jini, suga, ƙoda ko tsinka jini ya nuna wa likitansa duk abin da zai ƙara.

Yaushe ne kunu bai isa ba?

In zazzaɓi ya wuce kwana biyu, ko ya zo wa ƙaramin yaro ko mai ciki, a je a gwada jini, domin a ƙasarmu zazzaɓin cizon sauro ba ya jira. In gudawa ta zo da jini, ko ta zama kamar ruwan shinkafa tana zuba ba tsayawa, ko ido ya faɗa, fitsari ya ɗauke, yaro ya kasa sha, a fara ORS nan take a kama hanyar asibiti. Haka in mutum na ramewa ba dalili, ko bayan gidansa ya yi baƙi, ko mai jego ta fara haki da kumburin ƙafa.

Akwai alama ɗaya da kunu ke iya ɓoyewa. Dattijon da ya bar tuwo ya koma kunu, daga baya kunun ma sai an tsinka masa, saboda abinci na tsaya masa a ƙirji, ba tsufa ne ke damunsa ba sai an tabbatar. Haka kansar bututun abinci ke farawa, kuma iyali kan yi watanni suna ƙara wa kunun ruwa kafin wani ya ce a kai shi a duba. Wanda kuma ya samu shanyewar ɓarin jiki yana ƙwarewa in ya sha abu mai ruwa, kada a ɗura masa; a kai shi ma'aikatan lafiya su gwada haɗiyarsa, su faɗi kaurin da zai iya.